Yadda ake neman tallafin gyaran shago daga hukumar birnin Shikago

Wata Hajiya mai shagon kitso a kudancin Shikago, a Amurka, ta kira ni wani watan Maris, lokacin da ƙanƙara ke narkewa, ta ce in zo in ga halin da take ciki. Na tarar da bokiti uku a tsakar shago, ruwa na ɗiga daga silin, ta ja kujerun kitso gefe guda, ta lulluɓe gashin da take sayarwa da leda. Ta ji labarin cewa hukumar birni na bai wa masu shaguna kuɗin gyara, har ta gama ciniki da mai rufi, zai fara aiki ran Litinin. Na ce mata, "Hajiya, don Allah ki kira shi yanzu ki ce ya dakata." Da ya hau rufin nan ran Litinin, da ko kwabo ba za a mayar mata ba.

Na sha zama da 'yan'uwanmu masu gidajen abinci, masu sayar da kayan miya na gida, masu kitso da aski, muna cike waɗannan takardu, kuma abin da ya fi kayar da mutane guda ne. Wannan tallafi biyan baya ne. Sai an amince maka a rubuce, ka yi aikin da kuɗinka ko na aro, ka kawo shaida, sannan a mayar maka da wani kaso. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin aikin.

Asusu uku ne ke gabanka

Na farko shi ne Small Business Improvement Fund, wanda kowa ke kira SBIF. Kuɗinsa na fitowa ne daga yankunan da ake kira TIF. A irin wannan yanki, ƙarin harajin gidaje da filaye da aka samu bayan an shata shi ba ya tafiya babban asusu, a nan unguwar ake kashe shi, kuma a dokar jihar Illinois tsarin kan ɗauki shekara 23. SBIF na biyan har dala 150,000 ga ginin kasuwanci, dala 250,000 ga na masana'anta. Kason da ake mayarwa ga ginin kasuwanci 30 ne, ko 60, ko 90 cikin ɗari, gwargwadon girman mai nema, kuma kasuwancin da cinikinsa na shekara bai kai dala miliyan 3 ba shi ke samun 90. Kusan duk mutanenmu nan suka faɗa. Wata ƙungiya mai suna SomerCor ce ke tafiyar da shirin a madadin birni.

Na biyu shi ne Neighborhood Opportunity Fund, NOF a taƙaice, wanda aka kafa a 2016 zamanin magajin gari Rahm Emanuel. Masu gina dogayen benaye a tsakiyar birni da ke son wuce iyakar da doka ta ba su sukan biya kuɗi, sai a ɗauki kashi 80 na kuɗin a kai titunan kasuwa na kudu, kudu maso yamma da yammacin birni, wuraren da aka daɗe da juya wa baya. Ƙaramin tallafinsa na kai dala 250,000.

Na uku shi ne Community Development Grant, wanda ya sami ƙarfi bayan majalisar birni ta amince da rancen dala biliyan 1.25 don gidaje da bunƙasa tattalin arziki a Afrilun 2024, zamanin Brandon Johnson. Yana da ƙarami, matsakaici mai kai wa dala miliyan 5, da babba. Dukansu uku suna ƙarƙashin sashen tsare-tsare da raya birni, DPD.

Shawarata ga mai farawa: in shagonka na cikin yankin TIF kuma gyara kake so, rufi ne ko tagogi ko na'urar ɗumama ɗaki, fara da SBIF. Sauran biyun gasa ce, ana auna labarin kasuwancinka da na wasu, kuma sun fi dacewa da wanda zai tayar da shagon da ya daɗe a rufe ko ya yi sabon gini.

Kayan da za ka tanada

Ba a fafe gora ranar tafiya. SBIF kan buɗe wa kowane yanki ƙofa na kimanin wata guda ne, don haka ka sami babban fayil mai zobe tun yanzu, da wani a kwamfuta, ka zuba waɗannan:

- Cikakken adireshin ginin da lambarsa ta haraji ta gundumar Cook, wadda ake kira PIN, mai lamba 14. Tana jikin takardar harajin ginin.
- Takardar mallaka in naka ne, ko yarjejeniyar haya in ɗan haya ne kai.
- Rajistar kamfaninka ta jihar Illinois da shaidar cewa ba ta mutu ba, lambar harajin kasuwanci ta EIN, da lasisin kasuwanci na birni.
- Takardun harajin kasuwanci na shekara uku da suka wuce. Sabon kamfani ya tanadi tsarin kasuwanci da hasashen ciniki a madadinsu.
- Bayanan asusun banki na kasuwanci. In har yanzu cinikin shago na shiga asusunka na kanka, je ka buɗe na kamfani a makon nan.
- Hotunan ginin ciki da waje kafin a taɓa komai, da rana, a fili: inda bango ya tsage, inda silin ya jiƙe, akwatin wutar lantarki a buɗe.
- Imel ɗaya da kake dubawa kullum. Ba na ɗanka da ke makaranta ba.

Mataki na 1: Duba taswira kafin komai

Shafin intanet na birni yana da wurin da za ka sa adireshi ya nuna maka ko kana cikin yankin da shirin ya shafa. Kar ka yi aiki da ji-ta-ji-ta. Iyakar TIF kan bi tsakiyar titi, sai ka ga maƙwabcinka na tsallake yana ciki kai kana waje. 'Yan'uwan da ke arewacin birni, wajen Rogers Park da Uptown, su sani NOF bai kai can ba, amma su gwada adireshinsu a taswirar SBIF da kuma shirin na uku.

A zama guda ka duba rukunin da aka sa ginin a tsarin amfani da filaye. Shaguna galibi suna rukunin B ko C. In abin da kake son yi bai dace da rukunin ba, sai an bi ta ofishin kansilan mazaɓarka, ɗaya daga cikin 50 na birnin, kuma wannan hanya ce mai cin watanni.

Akwai sana'o'in da ba a tallafa wa: shagon giya, masu ba da rancen gaggawa, masu karɓar jingina, da wuraren ibada. Na sha samun tambaya kan masallaci, amsar ita ce ba ya ciki. Haka ɗakunan kwana da ke saman shago, ba a lissafa gyaransu.

Mataki na 2: Wanke kanka daga bashin birni

Kafin a ba ka komai za a binciki sunanka da na duk mai babban kaso a kamfanin. Tarar ajiye mota, tarar kyamarar titi, kuɗin ruwan famfo, harajin ginin da ba a biya ba, duk za su fito. Har kuɗin kula da yara da kotu ta yanke ana tambaya. Yawancinmu mun yi tuƙin tasi ko kai saƙo kafin mu buɗe shago, kuma tsohuwar tarar da ka manta tun tuni tana nan tana jiranka. Ka bincika da kanka tun da wuri. In kuɗin ya yi yawa, shiga tsarin biya kaɗan-kaɗan ka adana takardar yarjejeniyar.

Mataki na 3: Daidaita da mai gida

Ɗan haya na iya nema, amma da sharaɗi biyu: hayar ta kasance a rubuce kuma mai tsawo, shekara uku zuwa sama, sannan mai gida ya sa hannu cewa ya yarda a yi aikin. A nan nake son ka yi tunanin kanka. Za ka sa wa ginin wani sabon rufi da sabuwar wuta, darajarsa ta tashi. Me zai hana shi ƙara maka haya da zarar an gama? Kafin ka nemi sa hannunsa, ku sabunta yarjejeniya, a rubuta kuɗin haya na kowace shekara da damar ƙarin wa'adi. Ka biya lauya ya karanta. Kuɗin awa ɗaya ko biyu ne, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi da-na-sanin biyansa ba.

In mai gidan ya ƙi, gwada nuna masa cewa shi ma yana da damar nema da sunansa. Wasu sai sun ji haka suke sakin fuska.

Mataki na 4: Tsara aikin, ka samo kiyasi na gaskiya

Tallafin na abin da zai zauna jikin gini ne: rufi, gyaran jan bulo da cike tsakaninsa, tagogi da ƙofofi, fuskar shago, wayarin, bututun ruwa, na'urar ɗumamawa da sanyaya ɗaki, banɗaki da mashigar da mai keken guragu zai iya bi. Kujeru, kayan sayarwa, albashi da kuɗin haya ba sa ciki.

Ka fara da abin da ke kare ginin. Hajiyar da na ambata ta so a fara da sabon tayil da madubai, na ce a'a, rufi tukuna, domin duk ƙawar da aka yi a ƙarƙashin rufi mai yoyo sanyin Shikago ɗaya zai cinye ta.

Nemi kiyasi daga 'yan kwangila biyu ko uku masu lasisin birnin Shikago da inshora, kowanne a rubuce, an fayyace aiki da kuɗinsa layi-layi. Takarda mai cewa "gyaran shago, dala 80,000" ba kiyasi ba ce. Na san muna da 'yan'uwa masu hannu, kafintoci da masu wayarin da suka ƙware tun daga gida, kuma zuciya za ta so a ba su aikin. In ba su da lasisi, hanya ɗaya ce: su yi magana da babban ɗan kwangilar ya ɗauke su bisa ƙa'ida.

In za a rushe bango, a canza tsarin ɗakuna, ko a mayar da shago gidan abinci, sai da mai zanen gini mai lasisin jiha. Masu gidan abinci su lura, murfin zuƙe hayaƙi mai na'urar kashe gobara da tarkon maiƙo suna cikin abubuwa mafi tsada, musamman ga mai gasa tsire ko suyar ƙosai da kifi. A sa su a lissafi tun farko.

Gine-ginen titunan nan tsofaffi ne, da yawa sun haura shekara 80. Duk wanda aka gina kafin 1978 ana iya samun fenti mai dalma a jikinsa, wani kuma da asbestos, wani tsohon kayan gini mai cutar da huhu, a bututu ko tayil. Sai an buɗe bango ake ganin abin da ke ciki. Ni nakan ƙara kashi 10 zuwa 15 a kan kiyasi saboda abin da zai ɓullo, domin adadin da aka amince maka da shi ba kasafai yake ƙaruwa ba don aiki ya ƙaru.

Mataki na 5: Nemo kuɗin da za ka fara da shi

Nan ne aka fi zubewa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗauki misali: aikinka dala 100,000 ne, kason da za a mayar maka 90. Mutum zai ce ai dala 10,000 kawai nake bukata. Ba haka ba ne. Ɗan kwangila zai so kuɗin kaya da na ma'aikata yayin da aiki ke tafiya, birni kuma sai ya ga shaidar biya. Za a ma nemi ka nuna tun kafin a fara cewa kana da hanyar biyan aikin. A NOF da Community Development Grant, inda ƙaramin tallafi ke tsayawa a kashi 75, naka kason ya fi haka nauyi.

Hanyoyin da na ga sun yi aiki su ne waɗannan. Akwai masu ba da rance don raya unguwanni, irin su Allies for Community Business da Chicago Community Loan Fund, waɗanda suka saba da wannan tsari kuma suka fi manyan bankuna sauraron ƙaramin ɗan kasuwa. Akwai kuma raba aikin gida-gida, a gama rufi a nemi biyansa, a juya kuɗin zuwa wayarin. Ka tambayi jami'in da ke riƙe da fayil ɗinka sau nawa aka yarda ka nemi biya, ko kuma za a iya bi ta asusun amana da wani kamfani ke riƙewa yana sallamar ɗan kwangila kai tsaye.

Da yawa daga cikinmu ba sa son rance mai ruwa saboda addini, kuma ina girmama wannan. Tallafin kansa kyauta ne, babu ruwa a ciki. Matsalar kuɗin farawa ce. Na ga waɗanda suka warware ta da adashi, wasu da bashin 'yan'uwa, wasu kuma suka shigo da abokin tarayya da kaso a kamfani. Duk wanda ka zaɓa, kuɗin ya bi ta banki. Kwasar adashi ta shigo da cek ko turawa, da 'yar takarda mai sa hannu da ke faɗin daga ina ta fito. Bashin ɗan'uwa a rubuta shi, wanda dama haka Alƙur'ani ya umarta. In ka shigo da abokin tarayya, ka tuna shi ma za a binciki bashinsa na birni.

Mataki na 6: Cike fom

Ta intanet ake yi, kuma ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu ya shigar maka da sunanka ta bayan fage, ka rabu da shi. In kana bukatar taimako, ƙungiyoyin 'yan kasuwa na unguwanni da birni ke ɗaukar nauyi da cibiyoyin jiha masu taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda ake kira SBDC, suna yi kyauta. Akwai kuma zaman bayani da ake yi ta intanet kafin kowane zagaye. Ka halarta, domin a nan ake faɗin abin da ya canza a ƙa'ida da ranar rufewa.

Fom ɗin SBIF na farko gajere ne. In masu nema sun fi kuɗin da yankin ke da shi, ƙuri'a ake yi, sauran su shiga layin jira. Wanda bai fita ba kar ya karaya, layin yana motsi saboda wasu na gaba sukan kasa cika sharuɗɗa.

A sauran biyun kuwa rubutunka ne zai yi maka magana. Mu mutane ne masu kawaici, ba mu saba yabon kai ba, sai ka ga mutumin da ya shekara goma yana ciyar da unguwa ya rubuta layi biyu. Faɗi shekarun da ka yi a wurin, mutum nawa ke aiki a ƙarƙashinka, nawa za ka ƙara, me unguwar ta rasa da kake kawowa. In a titinku babu inda ake samun ɗanyen kayan lambu sai wurinka, rubuta haka. Lambobin da ka sa su dace da takardun harajinka. Wasiƙar goyon baya daga kansila ko ƙungiyar 'yan kasuwar titinku tana ƙara nauyi, amma ka nema da sauran makonni. Kuma ka tura fom kwana biyu ko uku kafin rufewa.

Mataki na 7: Jira wasiƙa, kar ka taɓa ko ƙusa

In an zaɓe ka, za a nemi ƙarin takardu, ciki har da wadda ake kira EDS, inda kake bayyana masu kamfanin da duk wata alaƙa da jami'an birni. Kowace buƙata tana da wa'adinta. Ka amsa imel a ranar da ya zo, in kuma wani abu zai makara ka faɗa kafin wa'adin ya cika.

Sanarwar cewa an zaɓe ka daban, izinin fara aiki daban. Jira takardar da ta faɗi adadin kuɗi da aikin da aka amince da shi, kuma ka tambaya a rubuce, "Yanzu zan iya farawa?" Ka ajiye amsar. In ruwa na zuba kamar na Hajiya, a yi ɗan facin wucin gadi daga aljihunka, a ɗauki hoto, a sanar da jami'in.

Mataki na 8: Izinin gini, aiki da biya

Ɗan kwangila ko mai zane ne zai nemo izini daga sashen gine-gine, a manna shi a taga. Aikin da doka ta ce sai da izini, aka yi shi babu, ba a mayar da kuɗinsa.

Kar ka biya kowa kuɗi a hannu. Wani Alhaji da na taimaka wa ya biya mai gyaran bulo tsabar kuɗi saboda an yi masa ragi, ya zo mini da rasit na hannu a cikin ambulan mai maiƙon girki. Aikin ya yi kyau, mutumin ma ya amsa cewa an biya shi, amma babu wata alama a banki, haka wannan kason ya tafi. Ragin da ya samu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya rasa ba. Kowane biya ya zama da abu uku: takardar neman biya daga ɗan kwangila, hoton cek gaba da baya bayan banki ya biya, da takardar da suke kira lien waiver, inda ɗan kwangila ke sa hannu cewa an sallame shi ba ya bin ginin bashi. Karɓi ta ukun a lokacin da kake miƙa cek, domin neman ɗan kwangila bayan ya koma wani aiki wahala ce.

In an buɗe bango aka ga dole a canza tsari, tsaya ka sanar, a amince a rubuce tukuna. Kuma kar ka biya kuɗin ƙarshe sai masu duba gini sun sa hannu.

Wanda ke hangen tallafin da ya wuce ƙarami ya san cewa sharuɗɗa na ƙaruwa: yarjejeniya ta musamman da birni, biyan ma'aikatan gini bisa ma'aunin albashi na hukuma, da ware kashi 26 na kwangila ga kamfanonin tsiraru, kashi 6 ga na mata. Wannan ba aikin da mutum zai tunkara ba lauya ba ne.

Mataki na 9: Nemi a mayar maka

Jera takardun yadda layukan kiyasi suke, kowane layi da shaidarsa a bayansa, ka haɗa da izinin gini da hotunan bayan aiki, waɗanda aka ɗauka daga inda aka tsaya aka ɗauki na farko. Za a zo a ga wurin da ido, kuma za a sake duba bashin birni, don haka tarar da ka ci a tsakiyar aiki ka biya ta. Kuɗin kan ɗauki makonni kafin ya shigo. Kar ka yi wa masu binka alkawarin rana.

Mataki na 10: Bayan kuɗi ya shigo

Akwai wa'adin da ake son kasuwancin ya ci gaba a wurin, galibi shekara uku ga ƙananan tallafi. In ka sayar da ginin ko ka rufe shago kafin nan, ana iya neman ka mayar da kuɗi. Mai niyyar komawa gida ya karanta wannan sashe na yarjejeniyar da kyau kafin ya sa hannu. Ka kuma sanar da akantanka tun a shekarar, domin irin wannan tallafi kan shiga lissafin haraji.

Fayil ɗin nan mai zobe kar ka zubar. Ka ci gaba da sabunta lasisi da inshora kana sa kwafi a ciki, ka ajiye shi a gida, ba a ƙarƙashin kantar shago ba, har wa'adin ya cika.